Hanya Mai Suna: Tarihin Gudun Famfalaki na Atina da Abin da Yake Nuna wa Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin gasar gudun famfalaki da ake yi duk shekara a ƙasar Girka, daga garin Maraton zuwa birnin Atina. Ta auna ƙarfin ruwayar ɗan aiken da aka jingina gasar a kansa, ta bi yadda gasar ta sami siffarta daga 1896 zuwa yau, sannan ta dawo gida ta dubi matsayin tafiyar ƙasa da gudu a rayuwar Bahaushe. Da'awar maƙalar ita ce, ƙarfin gasar Atina yana cikin hanyar da ake bi da kuma tarihin da mutanen wurin suka ɗora mata, kuma ƙasar Ƙaraye da Rogo tana da irin wannan jari ba ta taɓa shi ba.

1. Gabatarwa



Na taso a Beli, cikin ƙaramar hukumar Rogo, inda tafiyar ƙasa ba abin ba da labari ba ce. Ranar kasuwa tun kafin gari ya waye za ka ga mata da 'yan mata sun fito daga rugage da ƙauyuka, ƙwarya a ka, suna tafe da wani irin sauri wanda bai kai gudu ba amma ya fi tafiya, kuma da yamma haka za su koma. Ba wanda ya taɓa auna nisan da suke yi, ba wanda ya tafa musu. Wannan hoton ne ya sa tarihin wata gasa ta ƙasar Girka ya shiga raina.

Hausa tana da suna biyu ga wannan wasa. Ana cewa gudun famfalaki, ana kuma cewa gudun ya-da-ƙanin-wani, kuma na biyun ya fi fito da zafin abin: ka gudu har ka bar ƙanin wani yashe a gefen hanya. Duka sunayen biyu siffar gudun suke bayyanawa. Sunan da sauran duniya ke kiransa da shi kuwa sunan gari ne, Maraton, wani ƙaramin gari da ke bakin teku kimanin kilomita 40 arewa maso gabas da Atina. Duk wanda ya yi wannan gudu a Landan ko Legas ko Tokyo, sunan garin nan yake ɗauke da shi ko bai sani ba. Yadda aka yi gari ɗaya ya mallaki sunan wasa a duniya baki ɗaya, shi ne abin da zan bi.

2. Isnadin labarin ɗan aike

A shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarkin Farisa Dariyus na ɗaya ya aiko da rundunar jiragen ruwa ƙarƙashin Datis da Artafanes don hukunta biranen Girka da suka taimaki masu yi masa tawaye. Suka ci Eretriya, suka sauka a filin Maraton. Mutanen Atina, kimanin dubu 10, tare da gudummawar ƙaramin birnin Plataya, suka fito suka tare su, kuma Miltiyades ne aka fi danganta dabarar yaƙin gare shi. Farisawa suka sha kashi. Marubucin tarihi Herodotus ya kawo cewa an kashe Farisawa kimanin 6,400, mutanen Atina kuwa 192. An binne waɗannan 192 a wuri ɗaya, aka tara ƙasa a kansu, kuma tudun yana nan har yau, tsayinsa kimanin mita 9.

Labarin da kowa ya sani shi ne, bayan nasarar wani ɗan aike ya sheƙa a guje daga fagen fama zuwa Atina, ya sanar da albishir, ya faɗi ya mutu nan take. Mu da muka tashi cikin al'adar da ke tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya kamata mu yi wa labarin nan irin wannan tambaya.

Herodotus shi ne mafi kusa da abin, domin an haife shi 'yan shekaru kaɗan bayan yaƙin, kuma ya rayu tare da waɗanda suka halarce shi. Ya ambaci ɗan aike, Fidipides, wanda wasu kofe-kofen suka rubuta Filipides, mutumin da sana'arsa ke nan, wuni yana gudu da saƙo. Sai dai gudun da ya ba da labari kafin yaƙin aka yi shi, daga Atina zuwa Sparta don neman agaji, nisan da ya haura kilomita 240 ta cikin duwatsu, kuma ya isa washegari. Mutanen Sparta suka amsa za su zo, amma addininsu ya hana su fita yaƙi sai wata ya cika. Da suka iso su 2,000, an riga an gama, gawarwaki kawai suka je suka gani. Game da wanda ya kai albishir ya mutu, Herodotus bai ce komai ba, alhali mutum ne mai son irin wannan labari.

Sai bayan fiye da shekara 500 Plutak ya kawo zancen, kuma da wasu sunaye dabam, Tasipos ko Yukles. Bayansa Lusiyan, a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya haɗa sunan Filipides da mutuwar a ƙofar majalisa. A 1879 mawaƙin Ingila Robert Browning ya ɗinke labaran biyu cikin waƙa ɗaya, kuma wannan ɗinkin ne ya shiga makarantun Turai. Da hadisi ne, da malamanmu sun ce isnadin ya yanke, sunan mai labarin ma an yi saɓani a kansa.

Akwai abin da Herodotus ya tabbatar wanda a ganina ya fi ƙagaggen labarin girma. Da Farisawa suka koma jiragensu, sai suka zagaya ta teku don su auka wa Atina tun babu mayaƙa a ciki. Sojojin da suka gama yaƙi, da gajiyarsu da makamansu, suka juya da iyakar saurinsu suka riga jiragen isa. Farisawa suka hango su a tsaye, suka juya suka tafi. Ashe waɗanda suka fara bin hanyar Maraton zuwa Atina cikin gaggawa jama'a ce, dubban manoma da masu sana'a, suna tseren ceton iyalansu. Idan ka ga dubban mutane sun cika hanyar nan ranar gasa a watan Nuwamba, sun fi kama da wannan runduna fiye da mutum ɗaya tilo da ya faɗi.

Shi ma gudun Sparta an gwada shi. A 1982 wani hafsan sojan saman Birtaniya, John Foden, tare da abokansa suka bi hanyar don su ga ko ɗan Adam zai iya, suka iya. Daga 1983 aka mayar da shi gasa ta shekara-shekara mai suna Spartathlon, kilomita 246 cikin wa'adin awa 36. Ruwayar da ta fi kama da ƙarya ita ce ta tabbata.

3. Ɗan ga-ruwan Marusi

Tsoffin Girkawa ba su da gasar gudu mai irin wannan nisa a wasanninsu na Olamfik. Wani masanin harsuna Bafaranshe, Michel Bréal, shi ya ba Pierre de Coubertin shawara a 1894 cewa a saka ta cikin sababbin wasannin da za a fara a Atina, ya kuma yi alkawarin kofin azurfa ga wanda ya ci. Girkawa suka karɓi abin hannu bibbiyu. Wani attajirinsu mazaunin Iskandariya ta Masar, Georgios Averoff, ya ba da kuɗin sake gina tsohon filin wasan Panatinaiko da farin dutsen marmara.

Ranar 10 ga Afrilu, 1896, mutum 17 suka tashi daga Maraton, 13 daga cikinsu Girkawa, nisan kuwa kimanin kilomita 40. Har zuwa ranar Girkawa ba su ci ko ɗaya daga wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ba, Amurkawa ne ke kwashe yawancinsu, don haka zuciyar gari duk tana kan wannan gudu. Bafaranshe Albin Lermusiaux ya fita da wuta ya ba da rata mai yawa, hawan tudu ya karya shi. Edwin Flack na Ostareliya ya karɓa, shi ma ya zube saura 'yan kilomita. Wanda ya shigo fili na farko shi ne Spiridon Luwis, saurayi ɗan shekara 23 daga ƙauyen Marusi, cikin awa 2 da minti 58 da daƙiƙa 50. 'Ya'yan sarki biyu, Konstantin da Joj, suka sauko suka raka shi da gudu har layin ƙarshe.

Sana'ar gidansu Luwis ita ce kai ruwan sha daga Marusi zuwa Atina ana sayarwa. A harshenmu, ɗan ga-ruwa ne. Ina so mu tsaya a nan kaɗan, domin mun san mutumin nan. Shi ne wanda ke tura kura da jarka goma ta lita 25, nauyin kilo 250 ke nan ban da ƙarfen kurar, ya hau da ita gangare, ya sauke, ya koma rijiyar burtsatse, sau nawa a wuni sai Allah. Dubi ƙwabrinsa, dubi yadda yake sarrafa numfashi a hawa, ba ya fizga, ba ya tsayawa. Bai san sunan abin da yake yi ba, amma horon juriya ne irin wanda masu koyar da wasanni ke tsarawa a takarda. Luwis a gwajin share fage na biyar ya zo. Abin da ya fi baƙin da shi ranar gasar shi ne sanin nisa a jikinsa, bai yarda saurin wani ya ja shi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Bai sake shiga wata gasa ba, ya koma ƙauyensu, ya rasu a 1940. Amma babban filin wasan Olamfik na Atina sunansa yake ɗauke da shi, kuma har yau Bagirke idan zai ce wani ya arce ya ɓace, sai ya ce ya zama Luwis. Sunan talaka ya shiga karin maganar al'ummarsa.

Abu biyu suka faru a gefen wannan gasa da za su yi mana amfani a gaba. Wanda ya zo na uku, Spiridon Belokas, an gano ya hau keken doki a wani yanki na hanya, aka ƙwace matsayin aka ba Gyula Kellner na Hungari. Sannan wata mata matalauciya, Stamata Revithi, da aka hana shiga, ta bi hanyar ita kaɗai washegari cikin kimanin awa 5 da rabi, ta nemi shaidu suka sa mata hannu a kan lokacin tashinta. Sai a 1984 mata suka sami gudun famfalaki a Olamfik.

Nisan da aka sani yau, kilomita 42 da mita 195, ba daga Girka ya fito ba. A wasannin Landan na 1908 aka auna shi, daga fadar Windsor zuwa gaban rumfar sarauta a filin wasa, aka kuma tsayar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921.

4. Hanyar kanta

Tun daga 1955 ake shirya gasar ƙasa da ƙasa a kan wannan hanya. Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare a Roma a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya zo ya ci ta a 1961. A 1969 Bill Adcocks na Ingila ya yi ta cikin awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 7, lokacin da ba a karya a hanyar ba sai bayan shekara 35. Gasar shekara-shekara ta fara a 1972, ta kuma ɗauki siffarta ta yanzu a 1983 ƙarƙashin hukumar guje-guje ta Girka, SEGAS. Daga 1983 ɗin ake ƙirga ta, shi ya sa ta 2023 ta zama ta 40, bayan annobar korona ta hana ta 2020. A watan Nuwamba ake yi.

Hanya ce mai wahala. Bayan an tashi daga garin Maraton, wajen kilomita ta 5 sai a saki babban titi a kewaya tudun nan na mutum 192. Daga nan a bi kusa da teku ta Neya Makri, sannan a fara hawa tun wajen kilomita ta 10, ta Pikermi da Palini, ana hawa ana ɗan sauka, har wajen kilomita ta 31, daidai inda ƙarfin yawancin masu gudu ke ƙarewa ko da a shimfiɗaɗɗen wuri ne. Daga nan sai gangara cikin birni, wadda ke cin cinya fiye da yadda ake zato, har a shiga filin marmara inda Luwis ya shiga.

Saboda haka ba a zuwa Atina neman karya tarihin duniya. A 2023 Edwin Kiptoo na Kenya ya kafa lokaci mafi sauri na gasar, awa 2 da minti 10 da daƙiƙa 34. A shekarar nan ɗan ƙasarsu Kelvin Kiptum ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago. Ratar minti 10 ce, wadda a wannan mataki ta fi kilomita 3. Balin da Landan da Chicago sun fi ta sauri, sun fi ta kuɗi. Duk da haka dubban mutane daga ƙasashe masu yawa suna biyan kuɗin jirgi kowace shekara don su sha wahalar wannan hawa, saboda hanyar tana da abin da ba a saye. Nan aka yi gasar Turai ta 1982, inda Rosa Mota ta Fotugal ta ci gudun famfalakin mata na farko a wannan gasa. Nan aka yi ta duniya a 1997. Nan aka yi Olamfik na 2004, ranar da wani ɗan kallo ya faɗo titi ya ture Vanderlei de Lima na Burazil yana kan gaba, ya tashi ya ci gaba ya ƙare na uku, Stefano Baldini na Italiya ya ɗauki zinare. Kowane zamani yana zuwa ya ajiye nasa labarin a kan titi ɗaya.

5. Tattakin likita

A cikin waɗannan labarai akwai wanda ya fi taɓa ni, kuma shi ne wanda baƙi suka fi jahilta. Tun 1983 an sadaukar da gasar ga Grigoris Lambrakis. Likitan mata ne, malami a jami'ar Atina, tsohon zakaran dogon tsalle, yana kuma duba marasa galihu kyauta. A 1961 aka zaɓe shi ɗan majalisa. Ranar 21 ga Afrilu, 1963, masu neman zaman lafiya da adawa da makaman ƙare dangi suka shirya tattaki daga Maraton zuwa Atina. Gwamnati ta hana, 'yan sanda suka kama mutane da yawa. Lambrakis, da yake yana da kariyar majalisa, ya tashi daga tudun nan shi kaɗai, riƙe da ƙyalle mai alamar zaman lafiya, har shi ma aka tare shi. Bayan wata ɗaya, ranar 22 ga Mayu, a birnin Tasalonika, wasu mutum biyu a kan babur mai ƙafa uku suka buge shi a ka a gaban jama'a bayan ya fito daga taro. Ya cika ranar 27 ga watan. Kisan ya girgiza ƙasar, kuma a kansa aka yi fim ɗin nan mai suna Z a 1969.

Hanyar da ta fara da tunawa da yaƙi, Girkawa da kansu suka ɗora mata tunawa da mai neman sulhu, ba tare da sun goge na farkon ba. Mu ma mun san irin wannan. Bikin kamun kifi na Argungu ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, alamar ƙarshen doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Kifi akwai shi a ko'ina, amma ruwan Matan Fada na Argungu ɗaya ne.

6. Ƙafar Bahaushe

Ba juriya muka rasa ba. Fatake sun yi ƙarnoni suna tafiya daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni. Alhazan da suka bi ta Barno da Sudan zuwa Makka da ƙafa, wasu zuriyarsu na can har yau. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kai har bayan nan a wuraren da dogo bai kai ba, saƙon sarki da wasiƙar gwamnati a ƙafar manzo da masinja suke tafiya. Zagagen da ke gaban dokin sarki ranar hawan salla ragowar wannan aiki ne, mutanen da aka zaɓa don ƙafarsu ba ta gajiya. 'Yan farauta da rani suna wuni a daji suna bin karnuka. Makiyayi kuwa ba a maganarsa.

Ƙasarmu ta yammacin Kano ma ba ta rasa tarihin da za a jingina hanya da shi ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Ƙaraye a yaƙe-yaƙen Kano da Katsina a ƙarni na 17, zamanin Wambai Giwa, kuma garin ya sake fitowa a farkon jihadi a ƙasar Kano. Wurin da yake kan iyaka, kamar yadda Rogo take yau tsakanin Kano da Katsina da Kaduna, wuri ne na 'yan aike, domin labarin abin da ke tafe dole ya riga abin isa.

Abin da ya bambanta shi ne, dambe da kokawa sun sami dandali, sun sami makaɗa da kirari da lokaci, wato bayan kaka. A Nijar ma hukuma ta mayar da kokawa gasar ƙasa tun 1975, ana zagayawa da takobi daga jiha zuwa jiha. Gudu ya tsaya a matsayin aiki, abin da yaro ko bara ke yi idan an aike shi. Babban mutum ba ya gudu sai da dalili, kuma idan aka gan shi yana yi, tambayar farko ita ce lafiya. Wannan kallon shi ne babban shingen, kuma ina ganin tarihin Luwis amsa ce gare shi: aikin da ake rainawa ne ya ɗaga tutar ƙasa ranar da masu gata suka kasa.

A Nijeriya an fara motsi. Gasar Okpekpe ta kilomita 10 a jihar Edo ta fara a 2013, ta Legas a 2016, Kaduna ta yi tata a 2020. A manyan gasannin nan 'yan Kenya da Habasha ke ɗaukar kyautar farko, a cikin 'yan gida kuwa 'yan Filato suka fi fice. Akwai dalili na ƙasa: Iten ta Kenya tana kan tudu mai kimanin mita 2,400, Jos kimanin 1,200, birnin Kano bai kai 500 ba, kuma jikin da ya saba da iskar tudu ya fi iya ɗaukar iskar shaƙa a jini. Wannan ya isa ya nuna mana cewa idan burinmu karya tarihin duniya ne, mun ɗauko abin da ya fi ƙarfinmu a yanzu. Atina ma ba ta wannan ƙofa ta shiga ba. Okpekpe kuwa ƙauye ne a kan duwatsu, wanda da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba sai da gasar ta zo.

7. Idan za a shata hanya a ƙasar Ƙaraye da Rogo

Ina ba da shawarar gasar shekara-shekara a kan hanya ɗaya tabbatacciya, wadda masarautar Ƙaraye da ƙananan hukumomin biyu da malaman motsa jiki na makarantu za su riƙe tare. A fara da kilomita 10 da kuma rabin zango, wato kilomita 21 da 'yan mitoci. Cikakken zangon ya jira sai an sami masu horo.

Ina faɗin haka ne saboda abin da na gani da idona. Ina koyarwa a wata makaranta aka shirya wa ɗalibai gudun zagaya gari, aka tsaya jiran babban baƙo har rana ta take, sannan aka sake su, babu ko randa ɗaya a hanya. Wani yaro da ke kan gaba, siriri, ba takalmi, ya iso kusa da ƙofar makaranta sai na ga ƙafafunsa sun fara harɗewa, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Ya zube. Muka ɗauke shi zuwa inuwar darbejiya, muka jiƙa masa riga, wata mai talla ta ba da ruwan da ke cikin bokitinta. Allah ya sa ya farfaɗo. Mahaifinsa ya zo da yamma ya ce, "Malam, na gode da kuka kula da shi, amma ɗana ya gama gudu." Bai sake yi ba, kuma ban ga wanda ya kai shi ƙafa ba a shekarun da na yi a wurin. Girkawa suna iya riƙe labarin wanda ya faɗi ya mutu a matsayin tarihi, mu kuwa wajibinmu ne kada ya faru a hannunmu. Don haka lokacin gasar hunturu ne, bayan an kai amfanin gona gida, a tashi da an idar da sallar asuba gari ya yi haske, a kauce wa watan azumi da ranakun da ƙura ta yi kauri. Ƙa'idar duniya ita ce a sami ruwa aƙalla kowace kilomita 5, mu a nan gara mu matso da shi kusa. Ma'aikatan lafiya su bi bayan masu gudu da mota. Baƙo idan ya makara, ya tarar an tafi.

Awon hanya ma ilimi ne. Ana yinsa da keke mai na'urar ƙirga juyin taya, bayan an daidaita ta a kan nisan da aka auna da tef, kuma ƙungiyar AIMS, wadda hedikwatarta ke Atina, tana tantance masu wannan aiki. Idan ba a auna ba, lokacin da yaronmu ya yi ba shi da daraja a wajen garinsu. Matsalar Belokas kuwa tana nan, sai dai keken dokin ya zama acaɓa. Maganinta yana hannunmu: kowane ƙauye da hanya ta ratsa, mai unguwa da matasansa su zama shaidu, su rubuta lambar duk wanda ya wuce. Da haka gasar ta zama tasu, su ne masu ruwa, su ne masu shaida, makaɗansu ne a bakin hanya.

Batun mata yana buƙatar a zauna da iyaye da malamai tun farko, a tsara nasu rukunin da suturar da ta dace da mu. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai wakiltar Holan, ta ci zinaren gudun famfalaki a Paris a 2024, ta kuma karɓi lambarta sanye da hijabi a gaban duniya. 'Yan matan da na ambata a farko, masu ƙwarya a ka, ba su gaza Revithi ƙafa ba. Kyauta kuma ta zama mai amfani a gida, keke ko keken ɗinki ko kuɗin makaranta, abin da uba zai gani ya bar ɗansa ya sake fitowa baɗi.

Kafin duk wannan akwai aikin da ya rataya a wuyanmu mu masu bincike, wato gano hanyar da ta cancanci a bi. Kada mu zauna a ofis mu ƙaga wani gwarzo mu ce ya faɗi ya mutu a ƙofar fada. Mun ga yadda Girkawa suka wayi gari da suna uku a kan mutum ɗaya. A tafi da na'urar ɗaukar murya wurin dattawa, da zuriyar zagage da dogarai, da tsoffin fatake da mafarauta, a Beli da Zarewa da Fulatan da Rogo da Ƙaraye, a rubuta wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi, a ware abin da ruwayoyi suka haɗu a kai da wanda mutum ɗaya ya kaɗaita da shi. Waɗannan dattawa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma tsoffin turakun ƙafa gonaki suna cinye su kowace damina. Ni a Beli zan fara da zarar ruwa ya ɗauke, a majalisar da ke zama bayan la'asar. Tambayata ta farko ita ce: a da, idan aka tashi manzo zuwa Ƙaraye da saƙon gaggawa, ta ina yake fita, waɗanne garuruwa yake ratsawa, kuma a wace rijiya yake tsayawa shan ruwa?